Sarkin Yawa da Muryar Mutum Ɗaya

A farkon shekarun 1950, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Solomon Asch, wanda ke koyarwa a Kwalejin Swarthmore ta Amurka, ya shirya wani gwaji mai sauƙin gaske. Akan tara ɗalibai maza bakwai zuwa tara a ɗaki ɗaya, a shaida musu cewa ƙarfin ganinsu za a auna. Sai a ɗaga musu kati biyu, na farko ɗauke da layi guda, na biyu kuma da layuka uku masu tsayi daban-daban. Aikin kowa shi ne ya faɗa a fili, ɗaya bayan ɗaya, wanne daga cikin ukun ne ya yi daidai da layin katin farko. Bambancin a bayyane yake, ko yaro ba zai ruɗe ba. Waɗanda aka ba aikin ba tare da sun ji amsar kowa ba, kuskurensu bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Duk mutanen ɗakin da haɗin bakinsu ake yi, in ban da mutum guda, wanda akan zaunar da shi kusa da ƙarshen layi domin ya ji amsar kusan kowa kafin tasa. Sau 18 ake ɗaga katunan. A cikin 12 daga ciki, 'yan haɗin bakin sukan ba da amsa iri ɗaya wadda ba daidai ba, cikin natsuwa, ba dariya, ba kallon juna. Abin da Asch ke son gani shi ne yadda mutum zai yi a lokacin da idonsa ya ce masa ga gaskiya, jama'a kuma suka ce a'a.

Daga cikin ɗalibai 123 da aka gwada ta wannan hanya, wajen kashi uku cikin huɗu sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya. Idan aka haɗa amsoshinsu gaba ɗaya, kusan kashi 37 cikin 100 sun bi kuskuren taro. Kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban kuwa ba su taɓa karkata ba daga farko har ƙarshe. Babu wanda aka yi wa barazana, kuma babu wanda aka yi wa alƙawarin lada.

Da aka zauna da su bayan an gama, sai ya bayyana cewa ba dalili ɗaya ne ya sa suka bi ba. Kaɗan daga cikinsu sun ce su haka suka ga layin. Mafi yawa sun ce sun ga bambanci, amma suka yanke wa kansu hukuncin cewa idonsu ne ke da matsala, tun da ba zai yiwu mutum bakwai su yi kuskure shi kaɗai ya yi daidai ba. Wasu kuma sun san sarai jama'a sun kauce, amma ba sa son a dube su a matsayin bare.

Ƙofofi biyu da taro ke shiga zuciya

A 1955, Morton Deutsch da Harold Gerard suka rarrabe waɗannan dalilai gida biyu, rarrabewar da har yau ake karantar da ita. Akwai bin jama'a don neman sani: mutum bai tabbatar da abin da ke daidai ba, sai ya ɗauki halin sauran mutane a matsayin hujja. Akwai kuma bin jama'a don neman karɓuwa: mutum ya san abin da ke daidai, amma yana gudun a ware shi.

Misalin na farko ya girmi gwajin Asch. A tsakiyar shekarun 1930, Muzafer Sherif, ɗan asalin Turkiyya da ke karatu a Jami'ar Columbia, ya riƙa sa mutane a ɗaki mai duhu ƙirin, a kunna musu ɗan ɗigon haske. Ɗigon ba ya motsi, amma idon ɗan Adam a cikin duhu yakan gan shi kamar yana yawo. Idan aka tambayi mutum shi kaɗai nisan da hasken ya yi, kowa da irin ƙiyasinsa. Da zarar an haɗa su biyu ko uku suna faɗa a gaban juna, sai ƙiyasin ya yi ta matsowa har ya zama kusan ɗaya. Abin lura shi ne, ko an sake raba su daga baya, kowa yakan riƙe ƙiyasin ƙungiyarsa, ya bar nasa na farko. Daga baya, a 1961, wasu masana biyu, Jacobs da Campbell, suka dasa ɗan haɗin baki da ke faɗin ƙiyasi mai yawan gaske, sannan suka riƙa fitar da tsofaffin 'yan ƙungiya suna shigo da sababbi ɗaya bayan ɗaya. Ƙiyasin ƙaryar ya ci gaba da rayuwa na wani lokaci bayan wanda ya kawo shi ya daɗe da barin ɗakin. Haka al'ada kan samo asali a wasu lokuta: ana gadonta, ba wanda ya tuna wa ya fara, ba kuma wanda ya san dalili.

Bai kamata a ɗauki wannan ɗabi'a a matsayin aibi tsantsa ba. Baƙon da ya shiga gari ya kwaikwayi yadda ake gaisuwa, da inda ake cire takalmi, da gefen titin da ake tuƙi, hankali ya yi. Harshe kansa yarjejeniya ce ta bin juna. Ba domin mutane na koyi da na kusa da su ba, da kowane ƙarni sai ya sake gano wace saiwa ce guba. Hausawa da suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi sun faɗi abin da rayuwa ta tabbatar. Matsalar tana tasowa ne a inda yawan ya kauce hanya, kuma wanda ya ga kaucewar ya haɗiye maganarsa.

Yawa ko haɗin baki?

Asch bai tsaya a gwajin farko ba. Ya yi ta sauya tsarin domin ya gano ainihin inda ƙarfin taro yake, kuma a nan ne darasi mafi amfani ya fito, ko da yake shi ne aka fi mantawa da shi.

Da farko ya sauya yawan 'yan haɗin bakin. Idan mutum ɗaya ne ke saɓa wa ɗalibi, tasirinsa kaɗan ne ƙwarai. Idan biyu ne, kuskure kan kai wajen kashi 14 cikin 100. Idan uku ne, sai ya haura kashi 30. Daga nan kuwa, ƙarin mutane ba ya ƙara wani abin kirki. Mutum uku da suka haɗa baki sun isa su yi abin da goma sha biyar za su yi.

Sannan ya dasa wa ɗalibin abokin ra'ayi: mutum guda a cikin taron da ke faɗin amsar gaskiya kafin a zo kansa. Nan take bin kuskure ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da. Har yanzu mutum shida ko bakwai na nan a kan ƙaryarsu, amma ƙarfinsu ya karye. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, ba lallai ne mai saɓawar ya zama yana da gaskiya ba. Ko da ya zaɓi wani layin da ya fi na jama'a nisa da daidai, saɓawarsa kaɗai takan ba ɗalibin ƙarfin faɗin abin da idonsa ya gani. A 1971 Vernon Allen da John Levine suka ƙara gwada wannan da mai saɓawa sanye da tabarau mai kauri, wanda ya nuna alamun ba ya gani sosai. Duk da haka, kasancewarsa ta rage bin taro. Idan kuwa abokin ra'ayin ya sauya sheƙa ana tsakiyar gwaji ya koma cikin jama'a, sai ɗalibin ma ya koma bin su.

Ke nan abin da ke danne mutum shi ne ganin ba ko tsaga a jikin bangon da ke gabansa. Da zarar tsaga ɗaya ta bayyana, tambayar da ke zuciyarsa takan sauya, daga tunanin ko shi ne ya samu matsala zuwa tunanin wanne ra'ayi ne daidai.

Rinjayen da babu shi

A ɗakin Asch, masu rinjaye 'yan wasan kwaikwayo ne da aka shirya. A rayuwa ta zahiri kuwa, sau da yawa ba a bukatar mai shiryawa, domin mutane sukan yi wa juna wannan wasan ba da saninsu ba.

A 1968, Bibb Latané da John Darley suka zaunar da ɗaliban Jami'ar Columbia suna cike takardar tambayoyi, sai aka fara turo hayaƙi cikin ɗakin ta wata kafa. Idan ɗalibi shi kaɗai ne, kashi 75 cikin 100 sukan tashi su kai rahoto. Idan yana tare da mutum biyu da aka umarta su yi kamar ba su damu ba, kashi 10 ne kawai ke tashi. Amma sakamakon da ya fi ɗaukar hankali shi ne na ɗalibai uku waɗanda duk ba su san komai ba: a kashi 38 cikin 100 na irin waɗannan ƙungiyoyi ne kawai aka samu ko da mutum ɗaya da ya motsa. Kowannensu ya damu, kowannensu ya saci kallon sauran, kowannensu ya daure fuska don kada a ce ya cika tsoro. Sai kowa ya karanta daurewar ɗan'uwansa a matsayin shaidar cewa ba komai.

Masana na da suna ga wannan hali, wanda za a iya kira jahiltar cikin juna: yanayin da mafi yawan mutane ba su yarda da abu ba a zuci, amma kowa na zaton shi kaɗai ne. A 1993 Deborah Prentice da Dale Miller suka gano shi a Jami'ar Princeton, inda ɗalibai da dama ba sa jin daɗin yawan shan giyar da ake yi a makarantar, amma kowa na ɗauka sauran suna jin daɗinsa, har wasu daga cikin mazan suka riƙa karkatar da nasu ra'ayin zuwa ga abin da suke zaton shi ne na jama'a.

Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna girman abin da wannan kuskure ke iya jawowa. Leonardo Bursztyn da abokan aikinsa biyu sun tara magidanta matasa 500 a birnin Riyad na Saudiyya, suka tambayi kowa a asirce ko ya yarda a bar mata su yi aiki a wajen gida. Kashi 87 cikin 100 suka ce sun yarda. Da aka ce kowa ya ƙiyasta yawan waɗanda suka yarda a cikin mutanen da ke zaune tare da shi, waɗanda maƙwabtansa ne, sai wajen kashi uku cikin huɗu suka faɗi adadin da bai kai na gaskiya ba. Masu binciken ba su yi wa kowa wa'azi ba. Rabin mutanen kawai suka gaya wa ainihin adadin. Waɗanda suka ji gaskiyar sun fi sauran sanya sunan matansu a wani tsarin neman aiki, kuma bayan 'yan watanni matan nasu sun fi na sauran neman aiki da zuwa ganawar ɗaukar ma'aikata. Ko mutum na goyon bayan aikin mata ko ba ya yi, abin dubawa a nan shi ne cewa magidantan suna hana kansu abin da suke so ne don tsoron wani hukuncin jama'a da jama'ar ba su yanke ba.

Kunya da gaskiya

Mai karatu na iya cewa wannan halin ɗaliban Amurka ne na wani zamani da ya wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 1996 Rod Bond da Peter Smith suka tattara gwaje-gwaje 133 irin na Asch daga ƙasashe 17, suka ga bin taro ya ragu a Amurka tun daga shekarun 1950, kuma ya fi yawa a al'ummomin da ke fifita zaman tare a kan ra'ayin mutum ɗaya. Amma bai gushe ba. Wani maimaicin gwajin da aka yi da ɗaliban Jami'ar Bern a ƙasar Suwizalan, aka buga a 2023, ya samu kashi 33 cikin 100, kusan daidai da na Asch. Ko da aka sa ladan kuɗi ga duk amsar da ta yi daidai, kashi 25 sun ci gaba da bin kuskuren taro.

Ga al'ummar da ta ɗauki kunya da kara a matsayin ado, batun na da nauyi na musamman. A laccarsa da aka buga a 1974 kan ma'anar mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, kuma gaskiya da kunya duk suna cikin jerin, tare da ladabi da haƙuri da amana. A mafi yawan lokuta waɗannan halaye ba sa karo da juna. Amma akwai ɗakin taron da sukan yi karo: shugaba ya gabatar da shawara, ya tambaya ko akwai mai magana, manya biyu ko uku suka ce madalla, ƙaramin ma'aikacin da ya ga ramin da ke cikin lissafin ya dubi fuskoki ya sunkuyar da kai. A rubuce za a ce an amince baki ɗaya. A bakin ƙofa kuma, bayan an tashi, sai a ji mutum huɗu ko biyar kowa na raɗa wa na kusa da shi cewa shi dama bai gamsu ba. Haka nan koken da ake yi kan tsadar lefe da kayan ɗaki: dangin ango na kuka, dangin amarya na kuka, amma kowane ɓangare na tsoron bakin mutane, alhali mutanen da ake tsoron nan su ma kukan suke yi a nasu gidan.

Kuma tsoron ba na banza ba ne. A 1951 Stanley Schachter ya sa ƙungiyoyin ɗalibai su tattauna hukuncin da ya dace da wani yaro mai laifi, ya dasa musu wanda zai tsaya kan ra'ayin da ya saɓa wa na kowa. Da farko sai aka yi masa caa ana ƙoƙarin shawo kansa, a wasu ƙungiyoyin kuma daga baya aka daina kula shi, sannan da aka zo zaɓen waɗanda ake son ci gaba da zama da su, shi ne ya zo ƙarshe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Saboda haka, duk ma'aikatar da ta dogara ga jaruntakar ɗaiɗaikun mutane don jin gaskiya, ta dogara ne ga abin da ba kullum ake samu ba.

Sauƙaƙa wa mai saɓawa

Wasu sana'o'i sun koyi wannan darasi da tsada. Ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na Sifaniya cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titin. Kyaftin ɗin, wanda babba ne a sashen horar da matuƙan kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan kuma bai sake magana ba. Wannan hatsari da wasu irinsa suka sa kamfanonin jiragen sama suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa ƙaramin matuƙi yadda zai ƙalubalanci babba, ake kuma koya wa babba cewa nemo ra'ayin na ƙasa da shi wani ɓangare ne na aikinsa. A fannin lafiya ma, takardar bin-diddigin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi cewa kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, a kuma tambayi likita da mai ba da maganin barci da ma'aikatan jinya abin da kowannensu ke hange. Wanda aka riga aka buɗe wa baki sau ɗaya, ya fi samun sauƙin buɗe shi karo na biyu.

Ƙuri'ar sirri ma daga wannan tunani ta fito. Tsarin ƙato-bayan-ƙato da aka yi amfani da shi a Nijeriya a farkon shekarun 1990 yana da fa'idar da masu goyon bayansa ke faɗa, wato wahalar murɗe ƙidayar da aka yi a idon kowa. Amma mai zaɓen da ke tsaye a layi, mai gidan hayarsa da surukinsa da mai unguwa na kallonsa, yana cikin halin ɗalibin Asch ne sak. Shi kansa Asch ya ga cewa idan aka bar ɗalibi ya rubuta amsarsa maimakon ya furta, bin taro kan ragu ƙwarai.

Daga waɗannan duka, akwai matakan da ba sa cin ko kwabo. Shugaban taro ya riƙe ra'ayinsa har sai kowa ya faɗi nasa, domin da zarar ya furta, abin da zai biyo baya amin ne kawai. A fara jin ƙanana kafin manya. A kan batu mai nauyi, kowa ya rubuta matsayinsa a takarda kafin a buɗe muhawara. A daina ɗaukar shiru a matsayin yarda, a tambayi mutane da sunayensu abin da suke ganin zai iya lalata shirin. Idan kuma aka ga an amince da babban al'amari cikin minti biyar ba ko tambaya, wannan dalili ne na a sake dubawa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa ladabi. Hasali ma suna ba mai kunya hanyar faɗin gaskiya ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

Ba kowane mai saɓawa ne ke da gaskiya ba, kuma akwai masu jayayya don a san da su. Amfanin mai saɓawa, kamar yadda gwaje-gwajen suka nuna, yana ga abin da yake yi wa sauran: yana ba su damar komawa ga idonsu. Sai dai kada ya sa ran godiya. Asch ya rubuta cewa ɗaliban da aka dasa wa abokin ra'ayi sun ji ƙaunarsa da kusanci da shi, sun kuma ce ya ƙara musu ƙwarin gwiwa, amma da aka nuna musu cewa shi ne silar tsayawarsu a kan gaskiya, sai suka musanta. Kowannensu ya gamsu cewa ko ba shi, da haka zai faɗa. Alƙaluman gwajin kuwa sun nuna cewa da yawansu ba za su faɗa ba.